A Duba Katin Yara Kafin A Ɗaure Kaya

Duk lokacin da hutun makaranta ya matso, iyalai kan shiga shirin kai yara Ghana, Kamaru ko Umra. Ana ta fafutikar kuɗin mota da tsaraba, amma katin rigakafin yara ba mai tuna shi sai an isa bakin iyaka. Wannan sakaci ne babba.

Allurar shawara, cutar da sauro ke yaɗawa, ana yi wa yaro ita tun yana wata 9. Katinta ba ya fara aiki sai bayan kwana 10, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Mai nufin Saudiyya sai ya ƙara da ta sanƙarau. Ba a manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya hallaka dubban mutane a Arewa.

Abin takaici, wasu kan sayi katin bogi ba tare da allura ba. Jami'i suka yaudara, sauro kam ba ruwansa da kati.

Ya wajaba 'yan'uwa matasa su binciki katin 'ya'yansu da ƙannensu tun wannan makon. Yaro amana ne, kuma Allah zai tambaya.