Ana Sayar da Jirgi, Ba a Sayar da Sanin Maƙerinsa

A Amurka doka ta yarda mutum ya ƙera jirgin sama a garejin gidansa, ya yi masa rajista, ya tashi da shi har ya ɗauki fasinja. Dubban mutane sun yi hakan. Kamfanin Van's Aircraft kaɗai ya sayar da sassan jiragen da fiye da 10,000 daga cikinsu suka riga suka tashi, kuma daga samfurinsa na RV-6A aka samo jirgin horo na Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna domin rundunar sojan saman Najeriya. Tsarin dokar da ya ba da wannan 'yanci yana da hikima, amma ya bar giɓi a wuri ɗaya mai haɗari, wato wajen mutumin da ya sayi jirgin daga hannun maƙerinsa.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, FAA, tana yin tambayoyi biyu daban: wane irin jirgi ne wannan, kuma wa aka yarda ya tuƙa shi? Amsar ta farko ita ce rukunin rajista, ta biyu kuma lasisin matuƙi. Ma'aunin da ke bayan duka biyun shi ne yawan mutanen da kuskure zai iya shafa.

A matakin ƙasa akwai jirgi mafi ƙanƙanta, wanda dokar 1982 ta tsara: kujera ɗaya, nauyi ƙasa da kilo 115 ba tare da mai ko matuƙi ba, tankin da bai wuce lita 19 ba, gudun da bai wuce kilomita 102 a awa ba. Wannan ba ya buƙatar rajista ko lasisi, sai dai an hana shi shawagi a kan unguwanni masu cunkoso, domin ran da aka sa a caca na matuƙin ne kaɗai.

Sama da shi akwai rukunin jirgin gwaji ƙirar gida. Sharaɗinsa shi ne mai son ya yi fiye da rabin aikin ƙerawa da haɗawa, domin ilimi ko nishaɗi, abin da ake kira dokar kashi 51. Bayan mai bincike ya duba jirgin, sai a keɓe masa wani yanki inda zai yi gwajin tashi, yawanci awa 25 ko 40 gwargwadon irin injinsa, kafin a yarda ya ɗauki fasinja. An haramta masa ɗaukar mutane ko kaya domin kuɗi, kuma dole a manna gargaɗi inda fasinja zai gani, cewa jirgin bai bi ƙa'idojin da aka gindaya wa jiragen masana'anta ba. Maƙerin na iya karɓar takardar da ke ba shi ikon yi wa jirginsa binciken shekara-shekara da kansa.

A ɓangaren lasisi kuwa, na matuƙi mai zaman kansa yana buƙatar aƙalla awa 40 na horo da shaidar likita. A 2004 aka ƙirƙiro lasisin wasanni mai sauƙi: awa 20, da lasisin tuƙin mota a madadin takardar likita, amma a jirgi mai kujera biyu da bai wuce kilo 600 ba. A watan Yulin 2025 FAA ta fitar da sabuwar doka mai suna MOSAIC, wadda ta soke wannan iyakar nauyi. Ma'aunin yanzu shi ne gudun da fukafukai ke daina ɗaukar jirgi idan ya yi ƙasa da shi, wanda aka ɗaga daga kusan kilomita 83 zuwa 109 a awa. Mai lasisin wasanni na iya tuƙa jirgi mai kujera huɗu, muddin fasinjansa ɗaya ne.

Duk sassaucin da aka yi wa jirgin ƙirar gida ya ginu ne a kan zato ɗaya: wanda ya kwashe shekaru yana ɗaura kowace ƙusa ya san halin jirginsa. Zaton gaskiya ne, amma yana ƙarewa ranar ciniki. Jiragen gida biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta a inji, a wurin makunnai, a yadda mai ke tafiya, tun da doka ta bar maƙeri ya kauce wa zanen asali. Mai saye yana gadon duk waɗannan zaɓuɓɓuka, kuma idan lasisinsa ya dace da ajin jirgin, babu abin da ke tilasta masa koyon wannan jirgin na musamman kafin ya tashi.

Mutuwar mawaƙi John Denver a ranar 12 ga Oktoba, 1997, a gaɓar Monterey ta jihar Kalifoniya, ta nuna abin da hakan ke haifarwa. Gogaggen matuƙi ne, amma jirgin Long-EZ da ya saya wani ne ya ƙera shi, kuma maƙerin ya mayar da makunnin sauya tankin mai bayan kafaɗar hagu ta matuƙi, saɓanin zanen asali. Hukumar binciken haɗurra, NTSB, ta kammala cewa juyawar da ya yi domin kai hannu ga makunnin ce ta sa jirgin ya kuɓuce masa. Binciken da hukumar ta wallafa a 2012 ya nuna cewa a 2011 jiragen ƙirar gida kusan kashi 10 ne na ƙananan jiragen ƙasar, amma su ke da kusan kashi 21 na haɗurran da aka rasa rai, kuma ya ja hankali musamman ga tashin farko na sabon mai jirgi.

Masu adawa da ƙarin doka suna da hujjoji masu nauyi. Ƙungiyar EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, ta daɗe tana rage haɗari ta hanyar masu ba da shawara na sa-kai, kamfanonin inshora kuma kan nemi horo kafin su amince da sabon mai jirgi. Ga kuma wahalar samun malamin da ya san kowane samfuri. Sai dai shawara ba ta kai wa ga wanda ya ga ba ya buƙatarta, kuma irin wannan shi ne gogaggen matuƙi. Fasinjan da ke gefensa ya karanta gargaɗi game da jirgin, ba a faɗa masa cewa matuƙin baƙo ne a cikinsa ba.

MOSAIC da kanta ta amince cewa mai saye yana buƙatar ilimi, domin ta ba shi damar yin binciken shekara bayan kwas na awa 16. Ya kamata a shimfiɗa wannan tunani zuwa tuƙi: kada wanda ya sayi jirgin ƙirar gida ya ɗauki fasinja sai ya yi 'yan awoyi tare da malami ko maƙerin, an sa hannu a littafin tashinsa. Doka ta riga ta nemi irin wannan sa hannu ga jirgi mai taya a wutsiya da jirgi mai ƙarfin inji. Ƙara shi a nan bai taɓa 'yancin maƙeri ba, kuma kuɗinsa ƙalilan ne idan aka kwatanta da farashin jirgin.