Dutsen Gashi na Wales da Wainar da Ta Ƙwace Masa Suna

Ranar 1 ga Maris ta kowace shekara mutanen Wales, ƙasar nan ta yammacin tsibirin Birtaniya mai mutane kimanin miliyan uku, suna bikin tunawa da waliyyinsu Dewi. A gidaje da makarantu da ofisoshi da dama akan ajiye faranti cike da wata 'yar waina mai faɗi, mai ɗigo-ɗigon busasshen inabi, wadda aka barbaɗe da sukari. A harshensu sunanta picau ar y maen, wato 'yan wainar kan dutse. Baƙon da aka miƙa wa ita zai zaci abincin kaka da kakanni ne tun fil azal, masu sayar da ita ma ba sa gaggawar gyara masa wannan zato. Alhali kuwa sai a ƙarshen ƙarni na 19 ta yaɗu. Abin da ya tsufa a cikin sunan nata shi ne dutsen. Wainar auta ce a cikin 'ya'yansa, kuma ita kaɗai ake kira yau in ana rabon gado.

Dutsen kansa ba shi da wani ƙawa. Faifai ne shimfiɗaɗɗe, faɗinsa kamar na babban faranti, ana ɗora shi a kan murhun ƙarfe mai ƙafa uku a hura wuta a ƙarƙashinsa. Da farko dutse ne na gaske da ake sarowa a gyara fuskarsa, daga baya aka koma zuba shi da ƙarfe mai kauri, amma sunan bai canza ba. A kudancin ƙasar ana ce masa maen, wato dutse, ko planc. A arewa kuma gradell. Sirrinsa yana cikin nauyinsa: yana jinkirin ɗaukar zafi, yana jinkirin sakinsa, kuma yana baza shi daidai wa daida, ta yadda harshen wutar da ke tashi yana faɗuwa a ƙasa ba ya ƙona abin da ke sama.

Yanayin ƙasar ne ya haifar da shi. Wales ƙasar tuddai ce mai yawan ruwan sama da sanyi, inda alkama ba ta nuna yadda ya kamata sai a 'yan kwaruruka da gaɓar teku. Abin da ke yi a tuddan shi ne sha'ir da hatsin ots, wanda suke kira ceirch. Garin ots ba shi da danƙon da ke sa ƙullun alkama ya kumbura, don haka ko an sa masa yis ba ya zama burodi mai tashi. Dole a murza shi siriri a gasa a shimfiɗe. Ga shi kuma tanderun gini yana cin itace mai yawa kafin ya yi zafi, kuma gidajen talakawa da yawa ba su da shi. Dutse kuwa ƙirare da ƙaya da ƙaiƙayi sun ishe shi. Gerallt Gymro, malamin cocin da ya zagaye ƙasar a shekarar 1188, ya bayyana mutanenta a matsayin masu rayuwa a kan ots da madara da cuku da man shanu, kuma ya ambaci wata gurasa siririya mai faɗi da suke gasawa kullum. Ke nan sama da shekara 800 ana wannan gashi.

Wannan gurasa ta ots, bara ceirch, ita ce babbar 'yar dutsen, kuma yin ta gwaninta ce da ba kowace mace ke kai wa gare ta ba. Kayan haɗinta gari ne da ruwa da ɗan gishiri, wani lokaci da ɗan kitse. Ƙullun ba ya haɗe kansa, da an matsa masa sai gefensa ya tsage. A wasu yankuna mace takan cura shi ƙwallo-ƙwallo, ta ɗan danne kowanne, sannan ta jera su ɗaya bisa ɗaya da busasshen gari a tsakani, ta riƙa dannawa da tafin hannu tana juya tarin, har su buɗe gaba ɗaya su kai faɗin faranti, kowanne siriri kamar takarda mai kauri. Sai ta ɗaga su ɗai-ɗai, ta share garin da fiffiken dinya, ta ɗora a kan dutse da wata 'yar faffaɗar katako. Bayan gashi ana jingina su kusa da wuta su bushe ƙayau, a adana su cikin akwatin gari su yi makonni. Ana cin su da man shanu da cuku. A arewa akan farfasa su a jiƙa da nonon da aka kaɗe aka cire mansa, abincin da manomi ke sha a lokacin girbi. A kan dutsen nan dai ake gasa bara planc, burodi mai yis da ake juyawa ya gasu ta fuska biyu, da crempog, wata fanke mai laushi ta nono. Idan aka kife tukunyar ƙarfe a kansa aka tula garwashi a bayanta, ya zama ƙaramin tanderu.

Ƙarfe da kwal ne suka sauya komai. Masana'antun narka ƙarfe irin na Merthyr Tydfil sun sa zubabben ƙarfe ya yi araha, ma'adinan kwal kuma suka kwaso mutane daga ƙauyuka zuwa kwarurukan kudu. Kwarin Rhondda bai kai mutum 1,000 ba a shekarar 1851. Zuwa 1911 ya haura 150,000. Waɗannan mutane albashi suke karɓa, a kanti suke sayen abinci, kuma kantin ya cika da kayan da kakanninsu ba su saba da su ba. Alkama mai araha ta fara kwararowa daga Amurka tun shekarun 1870. Gwamnatin Birtaniya ta soke harajin sukari a 1874. Hodar kumbura ƙullu, wadda Alfred Bird ya haɗa a birnin Birmingham a 1843, ta shiga kowane gida. Busasshen inabin kuwa daga Girka ake kawo shi, kayan ƙamshin daga ƙasashen gabas mai nisa. Matar mahaƙin kwal ta haɗa waɗannan da ƙwai da man shanu ko kitsen alade, ta murza, ta yanka da'ira-da'ira, ta gasa kowace fuska kamar minti uku a kan faifan da ta gada. Wainar ta dace da rayuwar wurin: ba ta buƙatar tanderu, tana shiga gwangwanin abincin mahaƙi ba ta lalace ba, tana kwanaki ana ci. Amma duk wanda ya ƙirga kayan haɗinta zai ga mafi yawansu a jirgin ruwa suka zo.

Wannan ba aibi ba ne, kuma kuskure ne a ce wainar jabu ce. Abinci ba ya zama na mutane saboda inda kayansa suka tsiro. Yana zama nasu ne idan suka sarrafa shi da hannunsu bisa bukatarsu, kuma matan Rhondda sun yi haka. Hasali ma akwai hujja mai ƙarfi a gefen masu kare ta: ba don ita ba, da yanzu planc yana rataye a gidan tarihi kusa da dutsen niƙa. Ita ce ta riƙe shi a ɗakin girki bayan da murhun gas da na lantarki suka kori wutar itace. Matan da suka daina murza gurasar ots kuma ba wauta suka yi ba. Aiki ne mai karya baya, abincin rashi ne, kuma wadda ta sami farin burodi a kanti tana da haƙƙin hutawa. Masu kewar talaucin da ba su ɗanɗana ba su kan manta da wannan.

Duk da haka, akwai asara a yadda aka mayar da gadon dutsen abu ɗaya mai zaƙi. Asarar farko ta tarihi ce. Waina mai sukari tana ba da labarin gida mai ɗumi da kaka mai fara'a. Gurasar ots tana ba da labarin tudu mai ruwa, da ƙasar da ba ta ba da alkama, da matan da suka ciyar da iyali da gari da ruwa har tsawon ƙarnuka. Ƙasar da ta zaɓi na farko kaɗai ta gajarta tarihinta da kanta. Asara ta biyu ta fi tsanani, domin ba ta gyaruwa da rubutu. Sanin dutse a hannu yake. Faifan ba shi da ma'aunin zafi; mai gashi takan barbaɗa ɗan gari ta ga saurin da zai yi ja, ko ta miƙa tafinta sama da shi ta ji. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai sinasir ya san cewa na farko gwajin wuta ne. Wainar sukari mai yafiya ce, mai da ƙwai suna rufe kuskuren mai koyo. Gurasar ots ba ta yafiya, shi ya sa ita ce ke horar da hannu, kuma ita ce ta fara ɓacewa.

An yi sa'a wasu sun hango haka da wuri. Gidan tarihin St Fagans da ke kusa da Cardiff, wanda aka buɗe a 1948, ya tura ma'aikaciyarsa Minwel Tibbott ta bi ƙauyuka tana zantawa da tsofaffin mata, tana naɗar muryoyinsu da hotunan yadda suke aiki, kuma daga nan ta fitar da littafinta Welsh Fare a 1976. Yawancin matan da ta zanta da su an haife su ne a ƙarshen ƙarni na 19, su ne rukuni na ƙarshe da ya koyi murza ots don ci, ba don nuni ba. Abin da ta tara yana da daraja ƙwarai, amma faifan murya ba ya koya wa tafin hannu yadda zai danne ƙullu bai tsage ba. Wannan sai an tsaya gaban wuta an ɓata gari. Makarantun da ke sa yara gasa waina ranar 1 ga Maris suna da faifan, suna da wutar. Garin ots kuma ya fi sukari da inabi araha.

A kasuwar Cardiff har yau ana gasa wainar a idon mai saye, a miƙa masa da ɗuminta, kuma wanda ya ci ta haka zai gane bambancinta da ta leda da ke manyan kantuna. A gidaje da yawa akwai planc da ya yi baƙi ƙirin da man shekaru, wanda ya bi hannun uwa zuwa 'ya har sau uku ko huɗu, ba a wanke shi da sabulu, sai dai a goge. Jikar da ta gaje shi takan sauko da shi sau 'yan kaɗan a shekara, ta gasa waina, ta mayar da shi bayan tukwane.