Ɗan shekara 34 ma yaro ne a ofishin tallafin Birtaniya

A Birtaniya, mutum mai shekara 34 zai iya zama ɗan majalisa, har minista ma. Amma in gwauro ne da ke haya a gidan ɗan kasuwa, kuma aiki ya kuɓuce masa, tallafin hayar da hukuma za ta ba shi na ɗaki ɗaya ne tak a gidan haɗaka. Kicin da banɗaki kuwa sai ya bi layi da mutanen da bai taɓa gani ba.

Gwamnatin John Major ce ta kawo wannan ƙa'ida a 1996, ta ɗora ta kan 'yan ƙasa da shekara 25. A Janairun 2012 gwamnatin David Cameron ta ja layin zuwa 35. Abin bai tsaya nan ba: daga Afrilun 2017 aka janye wa marasa aiki 'yan shekara 18 zuwa 21 haƙƙin samun kuɗin haya kai tsaye, wai su koma gidan iyayensu. Ƙungiyoyin agaji irin su Centrepoint suka yi ca, gwamnati ta lashe amanta a ƙarshen 2018.

Hujjar masu mulki kan ƙa'idar ɗaki ɗaya ba ta banza ba ce gaba ɗaya. Sun ce matashin da ke fita aiki tun asuba gidan haɗaka yake zama saboda tsadar haya, to don me wanda ba ya aiki zai samu gida shi kaɗai da kuɗin harajin wancan? Sai dai hujjar ta ɗauka kowane matashi yana da ɗaki a gidan mahaifiyarsa, ana share masa yana jiran ya dawo. Wanda ya tashi a hannun hukuma, ba uwa ba uba, an ɗauke masa ƙa'idar har ya cika 25. Daga nan sai kuɗin ya faɗo zuwa na ɗaki ɗaya, alhali ba dangin da suka tsiro masa. Akwai kuma uba ɗan shekara 30 da aurensa ya mutu, yaran na wurin uwarsu. A takarda shi marar ɗa ne, don haka in sun zo masa kwanan ƙarshen mako, a ɗakin nan guda zai shimfiɗa musu, maƙwabcin da bai san halinsa ba na ta kai-komo a baranda.

Kuɗin cefane ma da bambanci. A tsarin Universal Credit, wanda ya fara aiki a 2013 ya haɗe tallafi iri shida wuri guda, a lissafin Afrilun 2025 gwauro ɗan ƙasa da 25 ya riƙa karɓar fam 316.98 a wata, wanda ya kai 25 kuwa fam 400.14. Mai kanti dai ba ya tambayar shekarun mai sayen burodi. Biyan farko sai bayan mako biyar, wanda ya kasa jira a ba shi rance, a riƙa zaftarewa wata-wata.

Babban ramin yana wajen lissafin hayar kanta. An tsara tallafin ya isa gidaje 30 mafi araha cikin kowane 100 a yanki, amma aka daskarar da shi daga 2016 zuwa 2020, aka sake daskarewa har 2024, haya kuwa sai hawa take. Giɓin daga kuɗin abinci yake fita, wanda ya gaza ya koma kwana a kujerar falon abokai, yau nan gobe can.

Matasan Najeriya da ke tafiya can da bizar karatu ko ta aiki ba sa ma cikin wannan lissafi. Sharaɗin bizarsu ya haramta musu taɓa kuɗin tallafin gwamnati, na haya ko na ci.