Wa Zai Shimfiɗa Mana Tabarma a Bakin Kogi?

Yaron da aka haifa a Kawo cikin watan Fabrairun 2000, lokacin da rikicin shari'a ya ƙone Kaduna, yau ya zama magidanci. Mai yiwuwa bai taɓa buga ƙwallo da yaron Narayi ba, bai taɓa cin tuwo a gidan wani ɗan Sabon Tasha ba. Abin da ya sani game da mutanen ƙetaren kogi shi ne abin da ya ji a bakin waɗanda aka ƙona wa gidaje. Bayan wancan tashin hankali da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002, Musulmi da yawa sun kwashe kayansu zuwa arewacin kogi, Kiristoci suka gangara kudu, har wasu ke kiran ɓangarorin biyu Makka da Ƙudus cikin raha. Ni dai wannan raha ba ta ba ni dariya.

Akwai masu cewa haka ya fi, wai zo mu zauna, zo mu saɓa, don haka kowa ya tsaya gefensa. Da su nake jayayya. Shirun da ke tsakanin mutanen da ba su san juna ba kamar garwashi ne a ƙarƙashin toka. Wanda ba ka taɓa ganin dariyarsa ba, kowace ƙarya aka faɗa maka a kansa za ka gaskata, balle yanzu da jita-jita ke zagaye gari ta waya kafin ladan ya ƙare kiran salla. Rashin sani, in ji magabata, ya fi dare duhu.

Iyayenmu sun san juna ne a masaƙun Kakuri, inda Bahaushe da Bajju da Bayarabe da Ibo suka yi aiki a kan inji ɗaya tun daga 1957. Masaƙun sun mutu. Kasuwa ta rage, amma ciniki gaisuwar tsaye ce, ana biya ana wucewa. Gwamnatoci sun gina gadoji, mun gode, sai dai gada mota take ƙetarwa, ba ta zaunar da kowa. A Agustan 2002 shugabannin addini 22 suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, bayan wata uku jini ya sake zuba. Sa hannun manya bai kai ga zukatan yaran unguwa ba.

To ina za a haɗu? Amsar tana bakin kogin da kansa. Lambun Ƙofar Gamji, wanda aka raɗa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina, yana gaɓar arewa, har da tsohuwar gadar ƙafa ta Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. Ga kuma Dandalin Murtala, inda masu motsa jiki ke taruwa da sassafe ba wanda ke tambayar wani inda yake ibada. Wannan shaida ce cewa mutanen Kaduna ba sa ƙin juna idan sun sami inuwar da ba ta kowa ba. Abin takaici, sai ranar salla ko Kirsimeti muke tuna lambu, kowa da ranarsa.

Saboda haka nake kira ga gwamnatin jiha da ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa: kada a ƙara yanka filin wasan unguwa a yi shaguna da shi. A shuka itatuwa, a kafa bencina da fitilu a Malali da Unguwar Rimi da Badarawa, a bar ƙofa a buɗe kyauta, domin kuɗin shiga talaka yake kora, shi kuwa talaka shi ake turawa titi ranar rikici. A shirya gasar ƙwallo da langa da dara wadda kowace ƙungiya za ta haɗa 'yan arewa da 'yan kudu cikin riga iri ɗaya.

Iyaye masu tsoron cewa lambu matattarar lalata ce suna da hujja, amma lambun da mutanen kirki suka ƙaurace wa shi 'yan shaye-shaye ke gada. Ku zo da iyalanku, su za su gudu.

Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun taɓa jagorantar matasa masu gaba da juna. Ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, ɗaya ya rasa hannu. Zama wuri ɗaya ne ya mai da su aminai. Mu mutanen arewacin kogi, tunda lambun yana gefenmu, mu ne masu masauki. Zumunta a ƙafa take, kuma mai gida ne ke fara shimfiɗa tabarma.