Hadarin da ya wuce Gusau, Amurka na jiransa

Hadarin da ke tasowa daga gabas ya zubar da ruwa a Tsafe, Gusau da Bungudu, ba a nan tafiyarsa ke ƙarewa ba. A lokacin damina, duk bayan kwana 3 zuwa 5 wani curin iska kan ratsa Sahel ya nufi yamma, ya faɗa tekun Atlantika ta gaɓar Senegal da Gini. Idan ya tarar da ruwan teku da ɗumi, yakan rikiɗe ya zama mahaukaciyar guguwar da ke rusa gidaje a Karibiyan da Amurka.

Shi ya sa Amurkawa ke sa ido kan daminar Sahel. William Gray na Jami'ar Jihar Colorado, wanda ya fara fitar da hasashen kakar guguwa a 1984, ya nuna cewa shekarun da Sahel ta sha ruwa sun fi haifar da manyan guguwa. Akwai kuma El Nino, wato ɗumamar gabashin tekun Fasifik, wanda kan raunana guguwar Atlantika, ya kuma rage ruwan Sahel. Kishiyarsa La Nina ce ta zo a 2020: guguwa 30 aka raɗa wa suna, ambaliya kuma ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi.

Lissafin yakan kuskure. A 2023 akwai El Nino, amma zafin Atlantika ya rinjaye shi, aka samu guguwa 20. Duk da haka babu wanda ya daina sauraren hasashe a Florida.

A Najeriya ma hukumar NiMet na fitar da nata a farkon kowace shekara: lokacin faɗuwar damina, lokacin ɗaukewarta, da fari na tsakiya. Matsalar ita ce isar da shi gona. Manomin Tsafe da 'yan bindiga suka raba da gonarsa ta nesa, ɗan fegin bakin gari ya rage masa. Idan ya yi shuka da ruwan farko, aka yi mako biyu babu ɗigo, irin ya tafi, kuɗin wani kuma babu.

Wannan aikin gwamnatin Zamfara ne, kuma ba mai tsada ba ne. Ta karɓi hasashen kowace ƙaramar hukuma, a karanta shi da Hausa a rediyo tun watan Afrilu, malaman gona su kai shi kasuwanni da masallatan Juma'a, a riƙa sabunta shi duk mako. A kuma faɗa wa manomi ƙarara cewa kirdado ne, don ya ajiye wani abu daga irin geronsa kafin ya binne sauran.