Waƙar Siyasa ta Zama Hajar Kasuwa

Da zarar kakar zaɓe ta kunno kai, kafin 'yan takara su buɗe baki su faɗi abin da za su yi wa jama'a, sai ka tarar mawaƙa sun riga su cika gari. Kowace tasha da kowane shagon mai shayi amo ɗaya ke tashi, wato wane gwarzo ne, abokin karawarsa kuwa ɓarawo ne ɗan ɓarawo. Mu da muka ɗauki nazarin adabin Hausa sana'a, bai kamata mu naɗe hannu muna kallon ana yi wa waƙa wannan wulaƙanci ba.

Ba yau waƙa ta shiga siyasa ba. Tun da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano cikin 1950, waƙa ce makarantar talakan da bai shiga aji ba. Sa'adu Zungur ya ɗauki tambaya mai nauyi, wato irin mulkin da ya dace da Arewa, ya zuba ta cikin baitocin Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu da Gambo Hawaja sun yi wa aƙida waƙa a lokacin da yin hakan ke iya kai mutum gidan yari. Su ma sun yi zambo, har mai zafi, amma a ƙarƙashin zambon akwai magana kan haraji da zaluncin hakimai da ilimin 'ya'yan talakawa. Abin da aka shuka bai tashi a banza ba, domin da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali.

To, wace manufa mai sauraron waƙoƙin yanzu zai tsinta a cikinsu? Mawaƙin da ya kira mutum kura bara, shi ne zai kira shi zaki bana, alhali babu abin da ya sauya sai hannun da ke miƙa mabuɗin mota. Masu kare su kan ce ai roƙo daɗaɗɗiyar al'ada ce, Narambaɗa da Ɗanƙwairo ma sarakuna suka yi wa waƙa. Wannan hujja gurguwa ce. Sarki ba ƙuri'a yake nema ba, kuma makaɗin fada ubangida ɗaya yake riƙewa har mutuwa ta raba. Shi kuwa mawaƙin zaɓe, hankalin mai jefa ƙuri'a yake sayarwa, ba tare da mai hankalin ya sani ba.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne masu tura waƙoƙin nan daga waya zuwa waya, muna tafi. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum fiye da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba. Ashe kiɗan ya iya tara 'yan rawa, ya kasa gamsar da mutane cewa ƙuri'a na da amfani.

Mu mazauna Kudu abin ya fi shafa. Duk baitin da ya zagi wata ƙabila don neman ƙuri'a, mai shi yana kwance cikin sanyin ɗakinsa, ɗan'uwanmu mai sayar da albasa a Mile 12 ko mai tireda a Sabon Ibadan ne zai kwana ido biyu. Mu tuna cewa a zaɓen 12 ga Yunin 1993 Kanawa sun fifita Abiola a kan ɗansu Bashir Tofa. Jama'ar da ta yi wannan ba ta cancanci a riƙa kaɗa ta da gangar ƙabilanci ba.

Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu, musamman masu baiwar waƙa, da su riƙa auna kowace waƙar siyasa da mudun da muke auna sauran adabi. Me ta ce game da makaranta da asibiti da tsaro? Idan an cire sunan ubangida, me ya saura? Wanda kuma aka zo masa da kwangila, ya tuna cewa kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Allah ya sa alƙalamanmu su zama shaida gare mu, ba a kanmu ba, amin.