Kafin Khartum ta sake karɓar baƙin gasa, sai an fara ta da Bahri

A farkon watan Afrilun 2025 birnin Helsinki na ƙasar Finlan ya karɓi baƙuncin gasar duniya ta zamiya kan ƙanƙara ta rukuni. Wasa ne da yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa gani da ido ba: 'yan wasa 16 ne ke shiga fili a lokaci guda, sanye da takalma masu ƙarfe a ƙasa, suna zamiya da juyi bisa kiɗa kamar mutum ɗaya ne ke motsi. Tun shekarar 2000, da aka fara ta a Miniyapolis ta Amurka, gasar ke yawo daga birni zuwa birni. Abin lura a nan shi ne filin kansa. Daɓen ƙanƙara ne mai tsawon mita 60 da faɗin mita 30, wanda injuna ke riƙe da sanyinsa dare da rana. In wuta ta ɗauke ta daɗe, babu fili, babu gasa.

Kwana tara kacal kafin wannan buki, ranar 26 ga Maris, sojojin Sudan suka ƙwace filin jirgin saman Khartum daga hannun dakarun RSF, Janar Abdel Fattah al-Burhan ya sauka ya shelanta cewa an 'yantar da birnin. Babu wanda ke shirin shimfiɗa ƙanƙara a gaɓar Nilu, amma misalin Helsinki ya fito da abin da akan manta idan ana maganar karɓar baƙuncin gasa. Birnin da aka ba wa gasa, shaida aka yi masa cewa wutarsa ba ta yankewa, famfonsa na kawo ruwa, jirgi na sauka lafiya, kuma in ɗan wasa ya faɗi akwai asibitin da za a kai shi. Filin wasa shi ne na ƙarshe a jerin. Da wannan ma'auni ya kamata a auna Khartum a yau, kuma duk wanda ya auna da gaskiya zai tarar cewa amsar ba a Omdurman take ba, inda manyan filayen ƙwallo suke. Tana ƙetaren kogi, a Bahri.

Khartum ba baƙuwa ba ce a harkar karɓar gasa. A wani otal ɗinta ne aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ranar 8 ga Fabrairun 1957, shekara ɗaya da 'yan makonni bayan samun 'yancin Sudan, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa ta likita ne ɗan ƙasar, Dakta Abdel Halim Mohamed. Bayan kwana biyu aka buɗe gasar cin kofin Afirka ta farko. Ƙasashe uku ne suka buga, Masar da Sudan da Habasha, domin an cire Afirka ta Kudu saboda ta ƙi haɗa baƙi da farare a tawaga ɗaya. Masar ta lallasa Habasha da ci 4 da nema a wasan ƙarshe. A 1970 gasar ta dawo, aka raba wasannin tsakanin Khartum da Wad Madani, Sudan ta doke Ghana da ci 1 da nema ta ɗaga kofin, wanda har yau shi ne ɗaya tilo da take da shi.

Ta uku ita ce wadda mutanen Nijar ba za su manta ba: gasar 'yan wasan cikin gida ta CHAN, daga 4 zuwa 25 ga Fabrairun 2011. Mena ta je can ne bayan ta fitar da Najeriya a wasannin share fage, ta tsallake rukuninta, sannan mai masaukin baƙi ta fitar da ita a bugun fenareti a zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe. Tunisiya ce ta ɗauki kofin a filin Al-Merrikh na Omdurman bayan ta ci Angola 3 da nema. Duka gasannin uku a watan Fabrairu aka yi su, kafin zafin Khartum ya kankama.

Gasar 2011 ta cancanci a tsaya a kanta. Kwana uku da buɗe ta, ranar 7 ga Fabrairu, aka sanar da sakamakon ƙuri'ar raba gardama ta Kudancin Sudan, inda kusan kashi 99 cikin ɗari suka zaɓi ɓallewa. Wato ana buga ƙwallo a Omdurman ƙasar na rabewa biyu. A watan Yulin shekarar Kudu ta tafi da kimanin kashi uku cikin huɗu na man fetur, daga nan kuɗin ƙasar ya fara zubewa, farashin burodi ya fara hawa, har ta kai ga zanga-zangar da ta kawar da Umar al-Bashir a Afrilun 2019. An shirya gasar, an karɓi tawagogi 16, an sallame su lafiya, amma ba ta tsare komai ba. Gasa tana nuna halin da birni yake ciki a makonnin da aka yi ta, ba ta gyara abin da ya lalace a ƙarƙashi.

A gasar ta 2011 filayen Khartum da Omdurman da Wad Madani da Port Sudan ne suka samu wasanni. Bahri ba ta samu ko ɗaya ba. Ga wanda bai san wurin ba, babban birnin Sudan garuruwa uku ne da koguna suka raba a mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu: Khartum ta gwamnati da ofisoshi, Omdurman ta kasuwa da tarihi da ƙwallo, sai Bahri a arewa, wadda ake kira Khartum ta Arewa, garin masana'antu da ma'aikata. A can manyan injinan niƙan alkama suke, da masana'antun magunguna, da tashar wutar lantarki mai aiki da mai, da babbar tashar tace ruwan sha. Arewa da ita, kimanin kilomita 70 daga tsakiyar Khartum, matatar mai ta Al-Jaili take, mai iya tace ganga 100,000 a rana, da tashoshin wuta na Garri a gefenta. Fitilun da suka haska filin Al-Merrikh a daren wasan ƙarshe, da man motocin da suka yi jigilar tawagogi, da burodin da aka ajiye musu a otal, kaso mai tsoka daga wannan ɓangare ya fito. Bahri ita ce madafa, sauran biyun zaure ne na tarbar baƙi.

Madafar ce kuwa ta fi ƙonewa. Tun kwanakin farko na yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tashar ruwan Bahri ta tsaya, mutane suka koma ɗibar ruwa daga kogi da jarkoki, harsashi na wucewa. An wawushe unguwar masana'antu, an ƙona wasu. Ranar 11 ga Nuwamban 2023 gadar Shambat, wadda ta haɗa Bahri da Omdurman, ta karye, kowane ɓangare na ɗora wa ɗaya laifi. Matatar Al-Jaili ta kama da wuta a Janairun 2025, kwanaki kaɗan kafin sojoji su karɓe ta. Da mazauna suka fara komawa gidajensu, sun tarar an tone wayoyin wuta daga ƙasa, an farfasa taransifomomi don a cire jan ƙarfen da ke ciki a sayar. Gini mai ramukan harsashi ana iya liƙe shi a yi fenti cikin mako guda. Layin wutar da aka zare daga unguwa guda sai an sayo sabo daga waje, da kuɗin waje, a ƙasar da har yanzu take kashe abin da take da shi a fagen daga.

An ga abin da rashin wuta ke jawowa a watan Mayun 2025. Jirage marasa matuƙa suka kai hari tashoshin wuta a Omdurman, injinan tura ruwa suka tsaya, jama'a suka sha abin da suka samu, kwalara ta ɓarke ta kwantar da dubbai a cikin makonni. Filin jirgin Khartum bai sake karɓar jirgin fasinja na cikin gida ba sai a Oktoban 2025, shi ma bayan an kai masa hari ana jajibirin buɗewa. A watan ne kuma El-Fasher ta faɗa hannun RSF. Yaƙin ya matsa yamma, bai ƙare ba, kuma jirgi marar matuƙi ba ya buƙatar gada.

Duk da haka ƙwallon Sudan bai mutu ba, sai ma ya yi abin mamaki a gudun hijira. Al-Hilal da Al-Merrikh, manyan kulob biyu na Omdurman, sun buga kakar 2024 zuwa 2025 a gasar Muritaniya, Al-Hilal ta ƙare a saman tebur, sannan suka koma gasar Ruwanda a kaka ta gaba. Tawagar ƙasa, a hannun koci Kwesi Appiah ɗan Ghana, ta mai da Benghazi ta Libiya gida, a can ta doke Ghana da ci 2 da nema a Oktoban 2024, ta samu gurbin gasar Afirka ta Maroko. A gasar CHAN ta Agustan 2025 ta zuba wa Najeriya 4 da nema ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ko gasar cikin gida da aka farfaɗo da ita a Yulin 2025, a Atbara da Ad-Damar aka buga ta, ba a babban birni ba.

Masu karatu a Yamai sun san ɗacin wannan ba tare da an yi yaƙi a birninsu ba. Lokacin da Mena ta ci Sudan 4 da nema a Nuwamban 2024, a Lome aka buga wasan, alhali Nijar ce mai masauki, saboda filin Janar Seyni Kountché bai cika sharuɗɗan CAF ba. Birnin da ya karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Disamban 2005 ke nan. Samun gasa ya fi riƙe filin bayanta sauƙi.

Nasarorin 'yan wasan Sudan su ne za su jawo jarabawa. Duk gwamnatin da ta dawo babban birni bayan yaƙi tana son hoton da za ta nuna wa duniya, kuma babu hoton da ya kai fili cike da 'yan kallo da tutoci. Gyara filin Al-Hilal ya fi sake gina gadar Shambat arha, ya kuma fi saurin fitowa a talabijin. Ba za a ce neman a dawo da wasa Omdurman laifi ba ne. Mutanen da suka sha baƙar wahala suna da haƙƙin su yi ihun murna a garinsu, kuma kulob ɗin da ke biyan otal da jirgi a ƙasar wasu ba zai ɗore a haka ba. Matsalar ita ce wanne za a sa gaba. Wasa ɗaya ana iya kunna masa janareta. Unguwannin Shambat da Halfaya da Kadaro ba za su rayu da janareta ba, kuma sama da mutum miliyan ɗaya da hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sun koma Khartum a 2025 ruwa da wuta da makaranta suke jira.

Khartum ta taɓa gwada babban aiki na nuna isa. A farkon shekarun 1990 aka aza harsashin Birnin Wasanni a kudancin birnin, da niyyar ya zama wurin karɓar manyan gasanni. Shekara talatin ba a gama shi ba, aka yi ta yankar filayensa ana rabawa, daga ƙarshe RSF ta mai da shi sansani. Yana cikin wuraren da aka fara jin harbi a safiyar 15 ga Afrilu.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafi Hausawan Sudan kai tsaye. Zuriyar mahajjatan da suka tsaya a hanya, da na waɗanda suka bi Mai Wurno gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, sun daɗe da zama 'yan ƙasa, amma duk lokacin da al'amura suka rikice sai a ta da maganar asalinsu. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yulin 2022, wanda ya sa Hausawa suka fito zanga-zanga har a titunan Khartum, bai yi nisa ba. Da yawansu a babban birnin talakawa ne mazauna unguwannin gefe, masu ƙananan sana'o'i, kuma sun san abin da "gyaran birni" ke nufi: unguwar Ishash Fallata, da ta daɗe a kusa da tsakiyar Khartum, an tashe ta a shekarun 1990 aka mai da mutanenta can kudu. Tun bayan da sojoji suka karɓe birnin, hukumomin jihar Khartum sun shiga rushe gidajen da suka ce an gina ba bisa ƙa'ida ba, da kuma tantance baƙi. A irin wannan yanayi, mutumin da takardunsa suka ƙone a yaƙi, kuma harshensa na gida ba Larabci ba ne, shi ne zai fi shan tambaya. Shirin tarbar baƙi na duniya, in aka fara shi da wuri, ƙarin dalili zai ba masu rusau. Ƙungiyoyin Hausawa a Sudan da 'yan'uwansu na Kano da Damagaram za su fi amfani in suka sa ido kan sabunta takardun shaida da rajistar filaye, fiye da jiran ranar da Al-Hilal za ta dawo gida.

Ko filayen ƙwallon unguwa ma ba su gama komawa hannun yara ba. A watannin da zuwa maƙabarta ya gagara, mutanen Bahri da Omdurman da Khartum sun binne mamatansu a tsakar gida, a harabar makarantu, da kuma a filayen da matasa ke buga ƙwallo da yamma. A 2025 hukumomi tare da ma'aikatan agaji na Red Crescent suka fara tono gawarwakin suna mai da su maƙabartu, iyalai na tsaye suna nuna wurin da suka sa alama.